Waƙar Daka Ta Fita Daga Kulle

Gummi,
4 ga Maris, 2013

Zuwa ga Fa'iza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ɗalibanki na Anka da ba su san irin malamar da Allah ya haɗa su da ita ba. Kada ki yi mamakin ganin takarda daga mai shagon waya. Da gangan na ba direba. Sana'ata ta koya mini cewa duk abin da ya shiga waya, ƙafa gare shi.

Kin san aikina, caji da tura wa mutane waƙoƙi a memori. Makon jiya wani abokin sana'a ya taho daga Sakkwato da sababbin kaya, waƙa ta fi ɗari biyu. Ban saurara ba, wa ke zama ya saurari ɗari biyu? Na yi ta turawa. Ranar kasuwa kaɗai, Allah ya san memori nawa na cika. Shekaranjiya wani ɗan kabu-kabu ya tsaya bakin shago ya ce, "Lirwanu, wagga tsohuwa mai daka, akwai wata tata?" Na ce wace tsohuwa? Ya kunna.

Fa'iza, Inna ce. Har ɗan tarin da take yi kafin ta ɗaga taɓarya yana ciki.

"Turmina na hatsi ne,
wa ya zuba maka dutse?
Buhu uku suka shigo da la'asar,
uban Baraka ya ce arziki ne.
Na share tsakar gida, na share,
Baraka na rarrafe cikin arziki."

Na tsaya ina jin mutuwar ƙanwata Baraka tana fita daga wayar wani, shi kuwa yana kaɗa kai.

Ke kaɗai kika taɓa shiga gidanmu da rakoda, lokacin da kike rubutun gama jami'a. Ni na ɗauko ki a babur daga Bukkuyum zuwa tunga. Yadda muryar da ba ta taɓa wuce zaurenmu ba ta je Sakkwato ta dawo ta hannuna, ke za ki faɗa mini. Baba bai ji ba tukuna.

Ki gai da mutanen gida.

Lirwanu

Anka,
7 ga Maris, 2013

Bawana Lirwanu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na gode da gaisuwa, ɗalibaina suna nan da ransu. Na lura cewa tun muna yara, wannan ne karon farko da ka cika shafi ba ka kira ni baiwarka ba. Daga nan na san maganar ta wuce wasan taubasai.

Ga yadda aka yi, ba ragi ba ƙari. Shekara guda bayan rasuwar Baraka, bayan an gama kankare ƙasar tsakar gidajen tunga saboda gubar dalma, na je ɗaukar waƙoƙin daka. Tsofaffi nake nema, na kaka da kakanni. Gwaggo, innarka, ta yi mini huɗu. Ta biyar ba ni na roƙa ba, ita ta zo da kanta, ni kuma ban kashe rakoda ba. Ɗaliba ce ni mai son maki.

Bayan na gama karatu, wani ƙaramin kamfani a Turai mai tara waƙoƙin karkara ya nemi goma sha biyu daga abin da na ɗauka, don ya sa a wani kantin intanet. A lokacin, kowace waƙa ta kantin nan da kwaɗo a jikinta. Wanda ya saya, a na'urarsa kaɗai za ta yi, ko ya tura wa wani ba ta buɗuwa. Na koma tunga da takardar izini, na yi wa Gwaggo bayani. Na ce, "A kulle take." Ta ce, "Kamar mace?" Na yi dariya, na ce kamar mace. Ta ce, "To, in dai ta kulle ce, ba ta fita sai an bar ta." Ta dangwala yatsa.

Ka ga inda digiri ya yi rana. Ni kwaɗo nake nufi, wanda mai kanti ke sawa ya cire ranar da ya ga dama. Ita aure take nufi, mai waliyyi da shaidu. Na ji bambancin a lokacin, na bar shi ya wuce, don takardar tana hannuna kuma mota na jira.

Watan jiya saƙon imel ya zo. Kantin ya cire kwaɗo daga dukkan waƙoƙinsa, domin masu saye sun gaji da waƙar da ke mutuwa duk ranar da suka sake waya, manyan kantuna kuma sun daɗe da cire nasu. Saƙon cike yake da murna, kalmar 'yanci ta fito sau uku. Na karanta, na ce madalla, na koma gyaran jarrabawa. A lissafina, wa zai sayi dakan wata mata daga Turai ya kawo shi Zamfara? Na manta cewa mutum ɗaya ya isa, kuma jami'ar Sakkwato ba ta rasa mutum ɗaya mai saye.

Jiya na rubuta musu su sauke ta. Sun amsa cikin ladabi cewa sun sauke. Hakan zai hana Bature na gaba saye.

Abu ɗaya dai, babu sunan babanka, Baba Muntari, a ciki. Gwaggo ko a cikin kuka ba ta kama sunan miji. Ka goge wadda ke kwamfutarka, mu ga abin da Allah zai yi.

Taka,
Fa'iza

Gummi,
11 ga Maris, 2013

Fa'iza,

Salamu alaikum. Ina lafiya, in wannan lafiya ce.

Babu suna? Baraka nawa aka binne a tungarmu?

Na goge tawa. Na bi sauran masu turi uku na Gummi na roƙe su. Biyu sun goge a gabana, na ukun ya ce sai dai in yi haƙuri, ita ce ake tambaya yanzu. Wani a Bukkuyum har ya ɗora mata kiɗan fiyano, ya raɗa mata suna "Uban Baraka". Da kunnena na ji ta a tasha, daga rumfar mai shayi. Waya na ba waya, ba sai an zo shago ba.

Ke kina Sakkwato lokacin, ba ki ga gidan ba. Gida bakwai suka daka dutsen zinari a tsakar gida, gida bakwai suka binne yara. Shi ya sa ba wanda ya taɓa ɗaga wa wani ido. Baba ya bar ramin zinari tun ranar, ya koma kiwon awaki, bai sake kiran sunanta ba. Shi da Inna sun zauna a kan shirun nan shekara uku, kuma shirun ya riƙe su. Yanzu gida bakwai suka yi, gida ɗaya ke da waƙa.

Duk mako yana kai awaki kasuwar Nasarawa Burkullu. Shi rediyo kaɗai gare shi, amma kasuwa da kunne ake shigarta. Kin san shi, ba ya faɗa, ba ya zagi. Tashi yake yi ya yanke magana sau ɗaya. In ya ce Inna ta tona shi a duniya, aure na shekara talatin da ɗaya ya tafi, kuma tana da shekarun da komawa gida ba komawa ba ce.

Gara ta ji kafin shi. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta faɗa, da wane baki zan zauna gabanta in ce ni na tura? Ke kika ce kulle. Ke za ki rubuta.

Lirwanu

Anka,
13 ga Maris, 2013

Zuwa ga Gwaggo Zaliha, ta hannun Malama Lilian ta ɗakin shan magani.

Assalamu alaikum warahmatullah. Gwaggo, ina gaishe ki gaisuwar ɗiya ga uwa, da fatan kina lafiya, ke da Baba da duk mutanen gida. Malama Lilian, ina roƙonki ki karanta mata wannan ita kaɗai, ba a bakin layin masu awo ba.

Gwaggo, waƙarki ta fita. Ta biyar ɗin nan, ta Baraka. Mutanen da na ba ajiya sun cire abin da ke hana a kwafe ta, ba su tambaye ni ba, kuma takardar da kika dangwala ba ta ce sai sun tambaya ba. Yanzu tana Gummi, tana Bukkuyum, a cikin wayoyin mutane. Babu yadda za a kira ta ta dawo. Na bincika, da akwai da na faɗa miki.

Ranar da na ce miki a kulle take, kin fahimci abu ɗaya, ni ina nufin wani. Na san haka tun muna zaune a kan tabarmar. Ba Turawa suka yi miki wannan ba, ba kuma ɗanki na Gummi ba, shi abin da ya zo hannunsa ya tura bai sani ba. Ni ce.

Abu biyu zan iya. Na farko, in zo in durƙusa gaban Baba in ce ni na ɗauka ba da saninki ba. Rabin wannan gaskiya ne, kuma na iya faɗar rabin gaskiya, kin gani. Na biyu, ina da ɗaki a nan Anka wanda ba kowa a ciki sai littattafai. In abin da muke tsoro ya faru, kada ki tsaya neman inda za ki. Ki aiko, zan zo da mota.

Ki zaɓa, ko ki ƙi duka biyun. Ina neman gafararki, amma ba sai da ita za ki shiga ɗakin ba.

Ɗiyarki,
Fa'iza

Anka,
22 ga Maris, 2013

Lirwanu,

Salamu alaikum, ya kasuwa? Kwana tara ke nan, babu amsa daga tunga. Direba ya rantse ya ba Lilian hannu da hannu.

Waƙar ta iso Anka. Ranar Talata na ƙwace waya a hannun wata ɗaliba a aji uku, ina dubawa sai ga ta, mai fiyanon. Na tambaye ta abin da ta gane a ciki. Ta ce innarta ta saurara sau biyu, ta tashi ta fitar da duwatsun zinarin yayan yarinyar daga bayan ɗaki ta zubar a waje, ta ce wanda ya sake shigo da su bai ci tuwonta ba. Na mayar mata da wayar, abin da dokar makaranta ba ta tanada ba.

Jiya kuma wani jami'in lafiya ya yi mini bayani a ofis, da fuskar wanda ya gano abu, cewa akwai wata waƙar tsohuwa da ta fi duk fastocin gargaɗin da suke mannawa a bango aiki, yana neman mai ita su sa a lasifikar mota. Na ce Allah ya sa a dace.

Ban faɗa maka wannan don ka ji sanyi ba. Ni ma ban ji ba. Yaran da waƙar za ta tsare ba su ne za su kwana a gidanku ba.

Na kwashe littattafan, na wanke ɗakin. Kasuwar Nasarawa ta ci sau biyu tun da na rubuta. In ka ji wani abu, ko rabin labari ne, ka aiko.

Fa'iza

Tunga,
27 ga Maris, 2013

Daga Zaliha. Ni Lilian nake rubutawa yadda ta faɗa.

Ɗiyata Fa'iza, amin alaikumus salam. Mun gode Allah. Ina gaishe ki, ina gai da ɗan'uwana babanki.

Takardarki ta taras da ni, amma waƙar ta riga ta. Malam ya ji a kasuwa, bakin masu awaki. Ya dawo da akuyar da ya tafi da ita, ya ɗaure ta, ya shiga zaure. Kwana huɗu bai je majalisa ba, masallaci kawai, shi ma sahun baya. Na ɗaure kayana a zane na aje bayan ƙofa, don kada in tsaya nema.

Rana ta biyar ya shigo tsakar gida ina tsince wake. Ya ce, "Waƙarki da kure." Na ce mi ne kuren? Ya ce ba buhu uku ba ne, biyar ne. Biyu ya shigo da su ban gani ba, ya tura ƙarƙashin gadon da muke kwana ni da Baraka, don tsoron ɓarayi. Wata biyu suna nan. Ranar da muka binne ta ya fitar. Shekara uku yana ɗauke da wanga shi kaɗai, ni ina daka ina cewa uku.

Ya ce tun da duniya za ta ji, ta ji daidai.

Ban kwance kayan ba, ban kuma fita da su ba. Tuwo dai ƙanwarsa ke kai masa yanzu. Kada ki zo ki durƙusa wa kowa, ba mu da wurin wannan. Zancen gafara sai na gan ki. Ki ce wa na Gummi ya bar ɓuya, ba wanda ke nemansa da sanda.

Ki taho ran Asabar da rakodarki. Akwai sabon baiti. Malam ya ce zai zauna a ɗauka yana ji.

Allah ya kawo ki lafiya.

Gwaggonki,
Zaliha