Wasiyyar Ibrah Kan Kifin Kwalba da Ruwan Rijiyar Tudu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni Ibrah ɗan Kailu, malamin gona a Filinge ta ƙasar Kurfai, na rubuta wannan da hannuna a bazarar 1973, hankalina na jikina, ba wanda ya tilasta mini. Jikin ne dai ya ƙi: idanuna sun yi rawaya, ƙafafuna sun kumbura. Likita bai ce mutuwa zan yi ba. Ya ce hanta ce, ya ce a kai ni Yamai, sannan ya kau da kai. Kau da kan nan shi ya sa ni ɗaukar alƙalami.

Ku nake wa magana, Manzo da Haske, ko da yake Manzo bai isa shiga lakwal, makarantar boko, ba, Haske kuwa ba a daɗe da yaye ta ba. A karanta wannan gaban uwarku Habsa, da kakarku Tambara, da wana Magagi. A adana, in kun iya karatu ku sake dubawa da kanku.

Na ɗaya. Bara na gama makarantar aikin gona, ban tara kome ba. Akwai keke, da awaki biyu, da littattafai. Liman ya raba yadda shari'a ta ce. Ba mai bina bashi. Littattafan naku ne ku biyu, kuma a sa Haske lakwal kamar yadda za a sa Manzo.

Na biyu, kuma saboda shi na yi wannan rubutu. Kada a ba ku ruwan rijiyar fadama, wadda ke bayan gidanmu. Tun da damina ta ƙi, ruwanta ya yi ƙasa, kanwa ta yi masa yawa. Sabulu ba ya kumfa a cikinsa, tukunyar da aka dafa shi kuma farin ɓawo take yi. Ga mushen dabbobi kewaye da bakinta. Wata biyu da suka wuce Haske ta sha shi, ta yi zawo har idanunta suka faɗa, Habsa na kallona ina kallonta. Ba zan ce kanwar ce ta kwantar da ita ba, don ban tabbatar ba. Wataƙila ƙazantar mushen ce. Abin da na sani shi ne tun da muka koma rijiyar tudu, ta hanyar Abala, ba ta sake ba. Rijiyar na da nisa. Ni nake zuwa da keke, ina tura shi cikin yashi. Habsa ba za ta iya wannan tafiya da goyo ba. Wannan tunani shi ke hana ni sakewa, fiye da ciwon.

Ko ruwan tudun a tafasa shi kafin ku sha.

Na uku, maganar kifi. Wani malaminmu Bature da zai koma ƙasarsu ya bar mini kifaye biyu, ja da shuɗi, kowanne bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. A littafi sunansu betta, asalinsu gonakin shinkafa na ƙasar Siyam. Mu muna ce musu kifin faɗa, don maza biyu ba su zama kwalba ɗaya. Shuɗin ne ya rage. Shi ya fara faɗa mini rijiyar fadama ta sauya: na zuba masa ruwanta kamar kullum, ya naɗe bindi ya kwanta ƙasan kwalba, tun kafin harshena ya ji zartsi. Na ɗauke shi daga wannan ruwa, ku kuwa ban ɗauke ku da wuri ba, don na zaci abin kifi ne kawai. Amma a kiyaye, kifi ba likita ba ne. Kanwa yake ji, ba ya jin cuta.

Ga yadda ake riƙonsa. Kada a zubar da ruwansa gaba ɗaya. Sauyin farat ɗaya ya fi kanwar kanta kashe shi. Ran kasuwa zuwa ran kasuwa a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu, a mayar da ruwan tudu wanda ya kwana a ɗaki. A jefa busasshen ganyen baushe guda, ruwan zai yi jaja-jaja kamar shayi. Ba dauɗa ba ce, haka yake so. Kada a wanke kwalbar da sabulu ko toka. A rufe bakinta da tsumma mai shan iska, don yana hawowa sama ya shaƙa, kuma yana tsalle. Abincinsa gara biyu ko uku. In Allah ya kawo damina, a tara masa ruwan sama, shi ya fi kowanne.

Na huɗu. Za ku ji an ce kakarku ce ta kashe jan kifin. Kada in ji daga kabarina wani ya goranta mata. Ta gan shi ya yi laushi ina wurin aiki, ta yi masa abin da duk Bakurfaye ke yi wa dabbar da yake so: ta jiƙa kanwa ta zuba masa. Da haka ta tashi shanun ubana, da haka ta tashe mu. Wa zai gaya mata akwai mai ran da kanwa ke kashewa? Inna, na ce miki ba kome, ba ki yarda ba. Ga shi na rubuta: ba kome. Sai dai shuɗin, kada a yi masa magani.

Na biyar, tsakanina da wana, wanda kuke ce wa Baba Magagi. Ran da saniyarsa ta ƙarshe ta faɗi, ya shigo ya iske ni ina auna wa kifi ruwan daɗi da kofi. Ya ce wannan ne abin da boko ya koya mini, shanu na mutuwa da ƙishi ni ina wa ƙwaro wanka. Na amsa masa da lissafi, na ce abin da kifin ke sha a mako bai kai kurɓin ɗan maraƙi ba. Lissafina daidai ne, amma ba a gaya wa mutumin da ke tsaye kan mushen saniyarsa haka. Tun ranar bai ci tuwo da ni ba, jakinsa kuma bai sake tsayawa ƙofarmu da salkar ruwa ba. Ku sani ba shi da mugunta. Shi ya yi noma ni na yi karatu.

Saboda haka kifin na bar wa Magagi, amana, kamar yadda ake ba shi tunkiya kiwo. Duk Kurfai an san ba a taɓa ba shi dabbar wani ta mutu a hannunsa da sakaci ba. Yakan kwana da yunwa ita ta ci. Yaya, ba zan ɓoye maka dabarata ba, don ka fi ni wayo. Kifin ba ya rayuwa sai da ruwan tudu, jaki kuwa ba ya zuwa tudu don kofi ɗaya. In ya dawo da salka cike, kwalbar tana ɗakin Habsa, kusa da randar da ɗiyana ke sha. Ka zuba wa wanda ka ga dama. Na san wanda za ka fara zuba wa.

Na shida. In rijiyar tudu ita ma ta ƙafe, abin da nake tsoro ƙwarai, kada ku watse ɗaiɗai. Ku tashi tare ku bi Magagi, ko garin Baleyara ko gaba. In ranar ta zo da ruwan daɗi bai wuce kofi ɗaya a gidan ba, a ba Haske da Manzo. Na sauke wa Magagi amanar kifi a wannan rana, ba laifi a kansa gaban Allah. Amanar ɗiyana kuwa ban sauke masa ba.

Manzo, ka riƙe hannun ƙanwarka. Haske, ki ji maganar uwarki. Habsa, ki yafe mini gajeren zama. Allah ya yi muku albarka, ya raya ku cikin imani, ya shayar da ƙasar nan. Ku zauna gida ɗaya, ku sha daga randa ɗaya. Motar Yamai gobe take tashi. In na dawo, zan yaga wannan takarda in je in ba Magagi haƙuri da bakina. In ban dawo ba, Yaya, ruwan da ke randa ba zai wuce jibi ba.

Ibrah ɗan Kailu, Filinge.