Kada ka tayar da motar, Baba

Baba,

Idan ka dawo daga coci kada ka tayar da motar. Na cire mata injekta ɗaya, cikin huɗun nan masu fesa wa inji mai, bututun fetur a buɗe yake.

Jiya a hanyar Maicao mai ya yanke mini, na sha na jarka a bakin titi, abin da kullum kake hana ni. Da safen nan motar ta tashi tana tari tana karkarwa. Na kara sukundireba a kunne na saurari injektocin yadda ka koya mini: uku suna ƙyas-ƙyas, ta huɗu shiru. Na wanke ta tas, amma maimakon feshi ɗiga kawai take.

Na tafi Riohacha neman wata. Ba zan dawo kafin jerin gwanon direbobi na bikin coci ba, bana fadan coci zai yayyafa wa kowace mota ruwan albarka ban da taka. Ka yafe mini.

Kawu Aristides zai biyo ya ɗauke ka, don Allah kada ka ce ba ka zuwa.

Furannin da ka ɗaura a bonet dole ta sa na kwance su. Suna cikin bokiti da ruwa. Hoton Mama na mayar gaban sitiyari.

'Yarka,
Yuleidis