Golmon Haggai

Dabai, Zuru

Zuwa ga Haggai,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya aiki, ya Birnin Kebbi?

Dawa ta kai gwiwa, ciyawa na neman cinye ta. Baba ya ce shi bai san auren da ba golmo ba: saurayi ya zo da kansa ya yi wa surukinsa noma, kamar yadda shi ya yi wa kakana. Ya yafe maka shekarun da aka saba yi, damina ɗaya yake nema. In ba ka zo ba, babu sa rana. Kai da ka karanta aikin gona, ko fartanya kake tsoro?

Taka,
Leah

Birnin Kebbi

Leah tawa,

Bayan gaisuwa, ki miƙa wa Baba gaisuwata ta girmamawa.

Ba tsoro ba ne. Na roƙi a mayar da ni Zuru, aka ce kujerata a hedikwata kaɗai take. Nan gwamna yake, nan kwamishina, nan ake sa hannu, shi ya sa kowane ofis ke raɓe da su. Ko takin da za a raba a Dabai, daga nan maganarsa ke tashi. Sabo ne ni, ba ni da hutu, ga mutane bila adadin suna jiran in ɗaga ƙafa su haye kujerar. Zan turo 'yan ƙwadago. Allah ya sani, raina yana wurinki.

Naki,
Haggai

Dabai

Haggai,

Ina gaisuwa. 'Yan ƙwadagonka sun zo, Baba ya ba su ruwa ya sallame su. Ya ce ba ciyawa ce ta dame shi ba. Yayyena duk sun tafi, wasu barikin soja, wani Abuja, kuma tun rasuwar Mama daga ni sai shi. So yake ya ga nasa a gonar nan kafin ƙarfinsa ya ƙare. Da haushinka nake ji, yanzu tausayinku nake ji ku biyu.

Ka huta lafiya,
Leah

Dabai

Haggai,

Ka koma lafiya? Ya bororon hannu?

Asabar ɗin nan da ka zo ka yi noma, Baba ya ce ta isa. A sa rana bayan girbi. Ya ce in bi ka Birni, tunda gwamnati ba za ta zo Dabai ba.

Yana dariya ya faɗa. Can kuma sai ya ce in nuna masa yadda nake dama masa kunu, ya fara koyo tun yanzu.

Ban nuna masa ba tukuna.

Taka,
Leah