Akwatin da Aka Hana Ni Buɗewa

Sand Fork, Nevada
3 ga Oktoba, 1984

Zuwa ga Misis Loretta Kimbrough,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, tare da ta'aziyya, ko da ta makara. Ba ki san ni ba. Sunana Fermin Ugalde, makiyayin tumaki, shekarata sittin da takwas. Rubutu ba sana'ata ba ce, sai ki yi haƙuri da hannuna.

A jarida na ga sunan ɗanki, Kyaftin Wendell Kimbrough, da sunanki da garinku. Sun ce jirginsa ya faɗi "a kudancin Nevada" ran 11 ga Afrilu. Kudancin Nevada kuwa sai mutum ya yini yana tuƙi bai ƙure shi ba. To, a makiyayata ya faɗi, a wani kwari mil shida daga shingen sojoji. Ban san ko sun gaya miki ba. Na ga ya kamata uwa ta san wurin.

Wuri ne mai shiru. Akwai ɗan rafi a ƙasansa lokacin da ƙanƙarar duwatsu ke narkewa.

Wata shida ina juya maganar nan a raina. Da matata Graciana tana da rai, da tuni ta tsare ni da alƙalami.

Allah ya ba ki haƙuri.
Fermin Ugalde

Enid, Oklahoma
12 ga Oktoba

Mista Ugalde,

Na amsa gaisuwarka. Kai ne na bakwai da ya rubuto mini. Uku 'yan jarida ne, biyu na son in sa hannu su rubuta littafi, sai wata mata daga California da ta ce mutanen wata duniya ne suka ɗauke Wendell, wai yana nan lafiya yana gaishe ni. Kai kuma me kake so? Ruwa ba ya tsami banza.

Ga abin da aka gaya mini: jirgin horo ne irin na kullum, hatsari ne, a yi haƙuri. Suka kawo akwati a rufe, soja biyu suka tsaya a kansa har aka sa shi a rami, wai kada a buɗe. Shekara biyu kafin nan yaron ya daina ba ni labarin aikinsa. In na tambaye shi a waya sai ya ce, "Mama, yaya tumatir ɗinki?" A coci ana ta raɗe-raɗin wai akwai wani jirgi a hamadarku wanda na'urar hango jirage ba ta ganinsa. Ni ko da baya yake tashi, ba ruwana.

Abu ɗaya nake son sani: me na binne? Ƙanin mijina Orval ya shekara talatin yana gyaran jiragen soja. Ranar jana'iza na ji yana ce wa fasto, in jirgi ya faɗi da irin wannan gudun, wani lokaci buhunan yashi ake sawa a akwati don ya yi nauyi. Bai san ina bayan ƙofa ba. Tun ranar ban sake taka maƙabartar ba, don ba zan je in durƙusa wa yashi ba.

Sannan ka sani, shekara ashirin da shida na yi ina rarraba wasiƙu a gidan waya. An buɗe ambulan ɗinka da tururi, an mayar da wani gam daban. Ko kai ne, ko wasu ne, ko kuwa kai da su duk tafiyarku ɗaya.

In akwai abin da ka gani, faɗi. In babu, kada ka ɓata kan sarki.

Ka huta lafiya.
L. Kimbrough

Sand Fork
22 ga Oktoba

Misis Kimbrough,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau biyu, na biyun a zaune.

Ba na son komai. Ina da tumaki dubu da ɗari biyu da ciwon gwiwa, sun ishe ni. Ban buɗe ambulan ba, ban kuma san ana iya yi ba sai da kika faɗa.

Faɗuwar jirgin ban gani ba, ina can nesa wajen tumaki, ƙara kawai na ji. Abin da na gani shi ne bayan nan. Sojoji sun rufe kwarin sati uku. Suka kafa tantuna, suka bi ƙasar taku-taku suna tankaɗe ta da rariya kamar mata na tankaɗen gari. Ko karena ba su bari ya wuce ba. Da suka tafi na sauka, na tsinci wannan ɗan ƙarfen da na naɗe miki a cikin safa. Akwai lamba a jikinsa. Na ce ko za ki so ki riƙe wani abu daga wurin.

Maganar akwati kuwa, ban san abin da zan ce miki ba.

Da girmamawa,
Fermin Ugalde

Enid
6 ga Nuwamba

Mista Ugalde,

Gaisuwa dai ba a hana ko maƙiyi, don haka ina gaishe ka. Ga ƙarfenka nan na mayar maka, har da safar.

Kwana tara yana kan tebur kusa da hoton Wendell. Kullum sai na goge shi. Ran Lahadi Orval ya zo cin abinci, ya hango shi ya ce, "Loretta, wa ya ba ki wannan tarkacen?"

Na ce, "Ka iya bakinka. Na jirgin Wendell ne."

Ya ɗauka ya juya, ya sa tabarau ya karanta lambar. Har ya fara dariya, ya kalli fuskata ya haɗiye ta. Ya ce, "Irin wannan jirgin an daina tashinsa tun Wendell yana wasan ƙwallo a sakandare. Ni da hannuna na kwance biyu muka kai juji."

Na ce, "Ka tabbata?"

Ya ce, "Kamar yadda na tabbata haƙoran nan nawa na roba ne."

Kwana tara ina yi wa gwangwani kuka, Mista Ugalde. Matar California ma ta fi ka, don ita mahaukaciya ce, ta yarda da abin da take faɗa. Kai fa? Sojojin ne suka ba ka ka aiko mini don in ga lamba in yi shiru? Ko kuwa gwada ni ake yi, a ga ko zan ruga wajen 'yan jarida? In haka ne ka gaya wa iyayen gidanka, tunda dama suna karantawa, cewa tsohuwar ba ta mutu ba tukuna.

Na ji kunya, na ji haushi, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne na so ka zama mai gaskiya.

L. Kimbrough

Sand Fork
19 ga Nuwamba

Misis Kimbrough,

Ina gaishe ki, in za ki karɓa. Wannan wasiƙar na ba direban da ke kawo mini ciyawa ya jefa ta a akwatin gidan waya a jihar Utah, da adireshin cocinku da ke cikin jarida. Ki duba gam ɗin ki gani.

Orval ya yi gaskiya, kuma na sani tun kafin in aiko. Ranar da sojojin za su tashi ina kan tudu ina kallo. Bayan sun gama kwashe duk abin da ya faɗo, sai ga wata babbar mota ta zo ta zuba tarkacen tsohon jirgi, suka watsa shi ko'ina da shebur, don masu zuwa tsince-tsince su samu abin ɗauka su tafi. A cikinsa na ɗauko miki. Na ga shi kaɗai ne abin da zan iya aikowa ba a ɗaure ni ba, na ce uwa tana son abin riƙewa, ba za ta duba lamba ba. Wauta ce irin ta tsoho mai zama da tumaki. Ki gafarce ni.

Na kuma yi miki wata ƙaryar. Ba nesa nake ba. Lokacin haihuwar tumaki ne, na fito da sassafe ina zagaya su, kuma ni ne na fara isa wurin.

An sa ni na sa hannu a wata takarda. Wani mutum mai farar riga, ba kayan soja ba, ya karanta mini ita a bayan motata. Ya ce, "Baba, ƙasar da kake kiwo ta gwamnati ce, ka sani ko? In kana son tumakinka, ka iya bakinka." In na yi magana, kurkuku ne, kuma takardar izinin kiwona ta tafi. Mahaifina ya yi kiwo a kwarin nan tun kafin a kafa shingen. Tsoro ya kama ni, har yau ma bai sake ni ba.

Amma tun da wasiƙarki ta zo nake tuna kalmomin takardar ɗaya bayan ɗaya. Ta hana ni faɗin siffar jirgin, da launinsa, da abin da aka ƙera shi da shi. Ba zan faɗa ba, ke ma kin ce ba ruwanki. Babu inda ta ambaci mutum.

Ɗanki ya samu fita daga jirgin, amma ƙasa ta yi kusa, lemar saukarsa ba ta gama buɗewa ba. Na same shi a gefen rafi, nesa da wutar. Wuta ba ta taɓa shi ba. Jikinsa a haɗe yake, fuskarsa lafiya, sai ƙura. Ya riga ya cika kafin in iso. Ba zan ƙara miki ƙarya in ce ya bar saƙo ba.

Hankaki sun fara sauka, sai na tuɓe kwat ɗina na rufe shi, na zauna kusa da shi ina addu'ar da na iya. Kusan awa ɗaya muna nan kafin jirgi mai saukar ungulu ya zo. Mutum huɗu suka ɗauke shi a hankali, da idona na ga an sa shi ciki. Ɗayansu abokinsa ne ina jin, don ya kasa tsayuwa bayan nan.

Na san kina da dalilin ƙin yarda da ni. Safar hannunsa ta hagu ta fita, kuma hannun ne na riƙe. Ƙaramin yatsan ba shi da gaɓar ƙarshe, tsohon rauni ne da ya daɗe da warkewa.

Ba yashi kika binne ba.

Naki da neman gafara,
Fermin Ugalde

Enid
10 ga Disamba

Fermin,

Ina gaishe ka, ya gwiwa, ya sanyi. Wannan ma ta hannun fasto za ta bi.

Ƙofar motar babansa ce ta datse yatsan, yana ɗan shekara bakwai. Ni na rufe ƙofar.

Ran Talata wasu mutum biyu masu ladabi suka zo, suka ce waye Fermin Ugalde, me ya haɗa ni da shi. Na ce bazawarina ne, ya aiko mini kyautar gwangwani a cikin safa na mayar masa, ko akwai dokar da ta hana? Ƙaramin ya sunkuyar da kai, babban ya rubuta. Kada ka sake rubuto komai game da kwarin. Tumakinka su ci ciyawarsu.

Jiya na je maƙabarta. Ciyawa ta rufe sunan, ban zo da komai ba, sai da hannu na cire. Ban san zan daɗe ba, har mai gadi ya zo ya ce zai kulle ƙofa. Na ce masa ya ba ni minti goma, wata takwas ban ga ɗana ba.

Na gode da kwat ɗin.

Loretta