Gahawar Gidan Malam Harisu

Ƙanƙara,
Yuli, 1975.

Zuwa ga maigidana Malam Harisu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke. Yaya ruwan Ikko da zaman baƙunta? Goggo tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi.

Rabo direba ya kawo mamu saƙonka, cewa jirgin da ya ɗauko gahawarka yana nan bisa ruwa a bayan jiragen siminti, ba a san ranar sauke shi ba. Allah ya kawo sauƙi. Kada ka sa damuwa har ka bar cin abinci, na san halinka.

Ba zan ɓoye maka ba, garin gahawar da ka bari ya kusa ƙarewa. Kai ka koya wa ƙasar nan shan ta, yanzu ga shi sun saba. Alhazan da suka ɗanɗano ta a Makka suna aikowa, direbobin hanyar Funtuwa suna tsayawa, Maharazu mai shayi na Faskari kuma bai taɓa fashi ba.

Ƙanenka Gide ya kawo shawarar mu soya dawa mu cuɗa a ciki mu yi shiru, wai madara da sukari da sabulu duk na jirgi ne, ba mai tambayar abin da ke cikin gwangwani. Na ce mashi sunan yayansa ke bisa ƙofar shagon nan, ba za a yi haka ina raye ba. Ya yi fushi, amma da safe ya buɗe shago.

Ka huta lafiya.
Taka, Safara'u.

Ƙanƙara,
Satumba, 1975.

Zuwa ga Malam,

Gaisuwa da begen ganinka. Ina fatan zazzaɓin da Rabo ya ce ka yi ya sake ka. Gero ya nuna, Gide ya fara girbi.

Akwai labari. Goggo ce ta tuna cewa tana yarinya a Pauwa, kakanta yakan soya ƙwayar rai-ɗore ya daka ya dafa, ya sha da safe. Na sa aka tsinko mani busassun a bayan gari. Na farko ya ƙone, na biyu Goggo ta kurɓa ta tofar a gindin zogale. Ban daina ba. Sai da na gane a soya shi a kasko da wuta kaɗan har ya yi duhu sosai, a daka da citta da kanumfari da ɗan kimba, a tankaɗe, sannan a zuba gahawarka ta gaske ta ja ƙanshin. Ranar da na dace, maƙwabta sun leƙo suna tambaya ko ka dawo.

Na sa Gide ya riƙa gaya wa duk mai saye abin da ke ciki, kuma a rage kuɗin. Wannan gaskiyar ta so ta ja mamu. Magana ta zaga har Faskari wai gidan Harisu ciyawar bola suke sayarwa. Masu shan shayin Maharazu suka watse mashi, ya ɗauko kayan ya zo da Sarkin Kasuwa har zaurenmu, yana faɗa a rufe shagon.

Malam, ban ɓuya ba. Na dafa buta guda na aika zaure, na tsaya bayan ƙyaure na gaishe su. Na ce: "Baba Sarkin Kasuwa, ga abin da nake sayarwa, ga kuma kayan haɗinsa a faifai. Ni na daka da hannuna, tsohuwarmu ma shi take sha. In an sami wanda muka ce wa zalla ce, a rufe."

Aka nema, ba a samu ba. Sarkin Kasuwa ya sha, ya miƙo kofin a ƙara mashi. Maharazu kuwa ya ɗaure kayansa bayan keke ya koma da su. Ran kasuwa ya aiko a ninka mashi.

Na so a ce kana nan ka gani.

Taka, Safara'u.

Ƙanƙara,
Disamba, 1975.

Zuwa ga Malam,

Bayan gaisuwa, na karanta takardarka, na kuma yi kuka. Ka ce an sauke kayan amma danshi ya ɓata fiye da rabi, kana jin kunyar haɗa ido da mutane, har kana tunanin neman aikin dako a can. Ban yarda ba.

Ka saurara ka ji inda shagonka yake. Maharazu ya buɗe tebur na biyu a Daudawa saboda masu awon auduga. Wata Hajiya Dada daga Damari takan aiko a saya mata, tana rarrabawa gidajen Sabuwa. Matan unguwarmu suna tsinko mani rai-ɗore, wasu suna taya ni daka, kowacce tana samun na cefane. Gide da bakinsa yake gaya wa baƙi cewa haɗin gidanmu ne, ba a samun shi ko a Kano.

Abin da ya tsira daga jirgin, a hannunka rabi ne, a turmina kuwa zai kai mu har wata damina. Amma ba ni da komai in babu shi, ƙanshin naka ne. Kai ka tsallake ƙasa ka kwana a bakin teku kana jira, ba wanda ya taɓa yin haka a garin nan.

Don haka ka taho. Kada ka bi bayan gari. Ka sauka a tasha ran kasuwa da rana tsaka, buhunanka bisa motar Rabo, kowa ya gani. In ka sami ƙaramin injin niƙa na hannu ka sayo mani, tafin hannuna duk ya yi kanta.

Goggo ta ce a gaya maka ta hana a yanka baƙin zakaran nan sai ka iso.

Allah ya kawo ka lafiya.
Matarka, Safara'u.