Itacen Maƙabarta da Kuka Kai Gidan Burodi

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyarmu ta Masu Faskare da Sayar da Itace, Samaru da Sabon Gari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Yau Laraba. Tari ya ɗan lafa mini, amma ƙafafuna sun kumbura har takalmi ba ya shiga, hannuna kuma yana rawa. Idan ka ga rubutun ya karkace, ka yi haƙuri.

Ranka ya daɗe, ka san ni. Da na bar aikin masinja, kuɗin sallamata na sa na sayi gatari biyu da rabin mota na itacen marke, na kafa rumfa a bakin hanyar Shika. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mini yadda ake gane busasshe da ɗanye, da yadda ake kasa kashi ba a cuci mai saye ba. Shi ne kuma ya koya mini abin da ya sa nake wannan rubutu.

1. Tun da na shiga sana'ar nan, idan mota ta sauke kaya, kafin kowa ya taɓa rabonsa sai an tsince miƙaƙƙun itatuwa, an ware su gefe. Na maƙabarta ne, waɗanda ake jerawa a kan mamaci kafin a zuba ƙasa. Ba a sayarwa, ba a faskarawa. Ko Madam da ke dafa abinci a Sabon Gari, wadda ba addininmu ɗaya ba, idan ta zo saye itace ya ƙare, ba ta ko kallon wannan tarin. Ta san na waye.

2. Da ka hau kujera, mutanenka suka ce miƙaƙƙen itace ya fi shiga tanda, masu burodi kuma suna biya da kyau. Da idona na ga an ɗora su a amalanke an nufi gidajen burodi na Jushi da su. Na yi magana a taro. Sakatarenka ya ce tsufa ne ke damuna, aka yi dariya, kai ma ka murmusa.

3. A damunar da ta wuce Malam Tanimu ya rasu, mutumin da ya tsufa yana yi mana faskare, har da rumfarka. Mun kai shi, an gama haƙa, aka nemi itace aka rasa. Muka ajiye makara a ƙasa, yayyafi yana sauka a kan likkafani, jama'a suna kallon juna. A ƙarshe wani ya ɓallo tsohon kwanon rufi mai tsatsa daga wani kango, da guntayen katakon benci. Da wannan aka rufe mutumin da ya ƙare rayuwarsa a cikin itace. Tun ranar ban ƙara sa burodi a bakina ba. Ƙyama nake ji.

4. Bayan haka na fara tsintar nawa daga ɗan rabon da nake samu. Ba ni da mata yanzu, 'ya'yana suna nesa, ban san wanda zai tsaya a kaina ba. Na ɗaure su, na jingine a bayan rumfa, na gaya wa maƙwabta cewa nawa ne idan ranar ta zo. Satin da na kwanta asibiti, mutanenka suka kwashe su, wai na ɓoye kayan ƙungiya. Suka kuma hana direba ya sauke mini kaya. Yanzu rumfata babu komai sai ɓawo.

Ba roƙon sadaka nake yi ba. Abin da nake nema shi ne a mayar mini da rabona na mota, domin da shi nake ci nake sayen magani. A mayar da al'adar ware itacen maƙabarta, a faɗa a gaban kowa. A kuma dawo mini da ɗaurina. Idan an riga an ƙone shi, a gaya mini gaskiya, in san cewa ni ma kwano ne zai rufe ni.

Alhaji, da hannuna na jera itace a kan mahaifinka. Ƙirya ce, mai kyau, babu ko guda mai lanƙwasa. Ba wanda ya saya.

Allah ya ba ka lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa ranar da za a kai ka a sami abin rufe ka.

Wassalam, daga dattijon da kuka yi wa dariya,
Malam Iliya mai itace, Samaru.

Ƙarin bayani: an aiko mini cewa za ka zo da kanka bayan la'asar mu yi magana, shi ya sa na riƙe takardar ban aika ba. Na sa an share ƙofa, na shimfiɗa tabarma, na zauna har aka kira magariba. Ba ka zo ba. Gobe zan ba da ita a buga a jarida.