Murfin Akwatin Inna

Hamma,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, yaya aiki? Yaya Adda Maryam da yara, ya ƙafar Sadiƙu? Mu nan Yelwa lafiya lau. Inna ma ta samu sauƙi, tunda har ta koma yi mana faɗa.

Ka tuna akwatin ƙarfenta, wanda ta cika cikin murfinsa da kan sarkin wasiƙu? Duk wasiƙar da marigayi Baba ya aiko daga Kamaru, sai ta turara ambulan a bakin buta, ta ɓamɓare kan sarkin, ta liƙa shi da ƙullun koko. To, ran Talata Habu ɗan Goggo, sarkin surutu, ya kawo mana wata ma'aikaciyar gidan tarihi. Ta daɗe a durƙushe tana dubawa, ta ce wasu ko su ba su da irinsu. Cirewa zai yaga su, don haka murfin gaba ɗaya suke roƙo, su sa a gilashi da sunan Inna.

Inna ta ce, "'Yata, wasiƙun nan wasu suka karanta mini. Waɗannan kaɗai na karanta da idona." Ta ɗora yatsa a kan wani mai hoton tsuntsu, ta ce shi ya iso ran sunanka.

Ta ce kai ne babba, kai za ka yanke. Ni dai a ba su, amma ba yanzu ba. Har yau kowace safiya sai ta buɗe akwatin.

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe min da kowa.

Ƙanwarka,
Hauwa